Auren haɗi a gidajen sarautar Sin: wane shiri ya cancanci datarku, kuma wane kwafi ne na ƙwarai?

Duk wadda ta taɓa shiga shagon masu tura fina-finai ta ce a ba ta "Chainis na auren haɗi" ta san abin da ke biyo baya. Yaron shago zai juyo da kwamfuta, ya jero hotuna kusan goma, kowanne da budurwa cikin jajayen kaya da wani jarumi mai doguwar suma a bayanta, ya ce duk suna da kyau. Ba duka ne ke da kyau ba, kuma waɗannan shirye-shirye ba fim ba ne na awa biyu da za a ce in bai yi daɗi ba an yi asarar dare ɗaya. Kowane kashi yana cin kusan minti 45, wasu kuma sun haura kashi 70. Wata guda na dararenku za ku ba shi, ga kuɗin data ko na turawa, ga wurin da zai cinye a memori. Shi ya sa nake ganin gara a zauna a zaɓa tun kafin a miƙa waya.

Ni dai tun daga farko zan faɗi inda na tsaya: The Story of Minglan. Sauran kuwa kowanne zan faɗi abin da na gani a cikinsa, amma ban ga wanda ya kamo ƙafarsa ba.

An fara nuna shi a tashar Hunan ranar 25 ga Disamba, 2018, kamfanin Daylight Entertainment ne ya shirya, Zhang Kaizhou ya ba da umarni. Zhao Liying ce Minglan, Feng Shaofeng ne Gu Tingye, Zhu Yilong kuma Qi Heng. Labarin yana zamanin daular Song ta Arewa, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1127, lokacin da babban birni yake Bianjing, inda ake kira Kaifeng a yau. Minglan ita ce ta shida a 'ya'yan wani ma'aikacin gwamnati mai suna Sheng Hong, kuma 'yar ƙwarƙwara ce. Wannan kalma ita ce mabuɗin shirin gaba ɗaya, don haka bari in ɗan tsaya a kanta.

A tsohuwar dokar Sin namiji mace ɗaya yake aure. Sauran matan da ke gidansa ba matan aure ba ne, ba kishiyoyi ba ne masu rabon kwana da rabon girki kamar yadda muka sani. Sa-ɗaka ne, wasu sayo su aka yi, wasu kuyangi ne aka ɗaga. Ba a shigo da su ta babbar ƙofa, ba su da ikon mabuɗin rumbu, kuma 'ya'yan da suka haifa uwargida suke kira uwa, ita kuwa wadda ta ɗauki cikinsu wata tara sai su kira ta da wani ƙaramin suna, xiaoniang. 'Yar uwargida da 'yar ƙwarƙwara uba ɗaya ne, amma ranar da mai dalilin aure ta zo gidan ba farashi ɗaya ake yi musu ba. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta mamakin me ya sa yarinya mai kaifin basira kamar Minglan take yin shiru, take barin yayyenta su fi ta a gaban baƙi, take yin kamar ba ta iya komai ba. Mahaifiyarta ta mutu wajen haihuwa tana ƙarama, a gidan da aka janye mata ungozoma da masu taimako da gangan, kuma wasiyyar da ta bar mata ita ce ta ɓoye kanta. Kakarta ce ta ɗauke ta ta raine ta, tsohuwar da ita kanta ba ita ta haifi Sheng Hong ba, uwargidan mahaifinsa ce. Duk shirin ban ga soyayyar da ta kai ta wannan tsohuwa da jikarta ba, har da ta ango da amarya.

Abin da ya sa na fifita shi a kan kowa, aure a cikinsa ba na mutum biyu ba ne, kuma ba aure ɗaya aka nuna ba. Kusan kowace mace a shirin an ƙulla mata aure da lissafi, kuma an bar mu mun ga yadda lissafin ya ƙare. Babbar yaya Hualan an kai ta gidan masu sarauta don a ɗaga sunan gidan Sheng, uwar mijinta ta zauna tana tatsar dukiyar da ta zo da ita. Molan, 'yar ƙwarƙwarar da uban ya fi so, ta zubar da mutuncin gidan kaf don ta shiga gidan Liang, ta shiga kuwa, ta tarar da abin da ta tarar. Wata 'yar uwarsu a garinsu na asali, Shulan, sai da aka ba da rabin dukiyarta kafin a kuɓutar da ita daga hannun wani ɗalibi mai girman kai da uwarsa. Qi Heng, wanda Minglan ta fara so, ɗan babban gida ne da ya yi alkawarin da ba shi da ƙarfin cikawa, aka tsare mahaifinsa aka tilasta masa auren 'yar wani yarima. Mahaifiyar Gu Tingye kuwa, wato wanda Minglan ta aura daga baya, 'yar attajirin gishiri daga Yangzhou, an auro ta ne kawai don a biya bashin da gidan sarautar Ningyuan, wato gidan mahaifinsa, ya ci na baitulmali da dukiyarta, bayan an biya aka riƙa kallonta a matsayin 'yar 'yan kasuwa. A zamanin Song abin da amarya ta zo da shi, gonaki da shaguna da akwatunan kaya, nata ne a ƙa'ida, kuma girmansa shi ke sa a ji maganarta a gidan miji. Wadda ta taɓa ganin yadda dangin ango ke ƙirga gara da leƙa kayan ɗaki ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Shi kansa auren Minglan dabara ce. Gu Tingye ya san in ya nemi 'yar ƙwarƙwara kai tsaye za a sami masu hanawa, sai ya aika neman "'yar uwargidan Sheng", kowa ya ɗauka Rulan, yayar Minglan da uwargida ta haifa, yake nufi, alhali ya san zuciyar Rulan tana wajen wani talakan ɗalibi, ya kuma san kaka ta riga ta sa an rubuta Minglan a littafin zuri'a a ƙarƙashin sunan uwargida. Da haka auren ya koma kan Minglan. Ranar biki ta fito cikin koren kaya, shi cikin ja, tana riƙe da mafici a gaban fuskarta, ba jan mayafin da aka saba gani a sauran fina-finai ba.

Yawancin shirye-shirye a nan suke ƙarewa ko su fara lalacewa. Minglan kuwa a nan ya sake sabon tashi. Ta shiga gidan da matar uban mijinta, Madam Qin, take murmushi tana magana a hankali tana haƙa musu rami, ta cika mata gida da barori masu kai rahoto. Sai ga amarya ta zauna da littattafan lissafi, tana kiran barori ɗaya bayan ɗaya ana rubuta asalin kowa da aikinsa, tana fita gandaye tana bincikar wakilan da suka daɗe suna danne manoma. Akwai matsala kuma tsakaninta da mijin wadda ban taɓa ganin wani shiri ya taɓo ta da kyau haka ba: tana yi masa biyayya, tana riƙe masa gida, tana girmama shi, shi kuma abin da ke cin ransa ke nan, don ya gane ta ɗauke shi maigida ne ba masoyi ba. Yana so ta yi kishi, ta yi fushi, ta kira shi da sunan da ba na sarauta ba. Ita kuwa rayuwa ta koya mata cewa macen da ta ɗora duk zuciyarta a kan namiji ta ba da wuyanta. Kashi da yawa aka ɗauka kafin wannan ƙulli ya kwance, kuma ban ji an ɓata mini ko ɗaya ba.

Aibinsa, yana da nawa a farko. Kashi goman farko sunaye ne da dangantaka, wane ɗan wane, wace ƙanwar wace. Wanda ya saba da a fara da faɗa zai gaji. A daure.

Wanda ya fi kusa da shi, kuma shi ne ma ya fi dacewa da sunan auren haɗi tsantsa, The Sword and the Brocade ne, na 2021, kashi 45, Tan Songyun da Wallace Chung. Zamanin daular Ming ne, wadda ta yi daga 1368 zuwa 1644. Shiyiniang 'yar ƙwarƙwara ce mai sana'ar surfani, yayarta ta rasu a gidan Xu Lingyi, sai aka maye gurbin da ita don ta riƙe ɗan da aka bari, ta shiga ta tarar da sa-ɗaka suna jiranta kowace da nata shiri. Yana da sauƙin bi, hotonsa a haske yake, kuma yadda miji da mata suka tashi daga baƙin juna zuwa shaƙuwa an yi shi da natsuwa. In lokacinku kaɗan ne ku ɗauke shi, ba za ku yi da-na-sani ba. Sai dai miyagunsa a fuska ake gane su tun daga nesa, kuma wajen ƙarshe an yi ta jefa jarumar daga wannan sharri zuwa wancan har abin ya gundure ni.

New Life Begins na 2022, kashi 40, Bai Jingting da Tian Xiwei, barkwanci ne da girke-girke a wata ƙasa ta ƙirƙira mai yankuna tara, ya dace da wadda take son dariya bayan aikin yini, amma ba tarihi a ciki. Love Like the Galaxy, shi ma na 2022, Zhao Lusi da Wu Lei, rabinsa na farko kan uwa da 'yar da ta bari shekara 15 ya yi kyau ƙwarai, rabi na biyu ya koma ramuwar gayya. The Prisoner of Beauty na 2025, kashi 36, auren sulhu ne tsakanin gidaje biyu masu jini a tsakaninsu, ana kallonsa da sauri a manta da sauri. The Rebel Princess na 2021 an kashe masa dukiya, amma kashi 68 ne kuma Zhang Ziyi tana dab da shekara 40 aka sa ta fito 'yar shekara 15 a farkonsa, ban iya wuce wannan ba. Goodbye My Princess kuwa, duk wanda ya ce muku soyayya ce mai daɗi bai kai ƙarshensa ba, kuka ne.

Ga mai kallo da iyali a falo, duk waɗannan da sauƙi in aka kwatanta da na Turawa, Minglan ya fi su kamewa. Abin da za ku yi wa yara bayani shi ne ɗakin kakanni, inda suke ƙona turare suna durƙusa wa allunan sunayen matattunsu, nan ne kuma ake tura yarinya ta kwana a durƙushe in ta yi laifi. Al'adarsu ce da addininsu, kuma ba a fahimtar labarin in an tsallake wuraren.

To, zaɓen shiri rabin aiki ne. Ni inda aka cuce ni ba a zaɓe ba ne, a kwafi ne.

Karon farko da na nemi Minglan, wani shago na je kusa da mu. Yaron ya karɓi memori, ya ce, "Anti, cikakke ne, har ƙarshe." Na biya, na dawo gida, ni da ƙanwata muka ɗauki kusan mako uku muna bi bayan sallar isha'i. Daren da aka sa wa kaka guba, Minglan ta sa an rufe ƙofofin gidan ubanta ba mai fita, muka danna na gaba, babu. Washegari na koma. Ya duba kwamfutarsa ya ce, "Ai Anti nan zango na ɗaya ya ƙare, na biyu bai fito ba tukuna, in ya fito zan kira ki." Shirin da aka gama nunawa tun Fabrairun 2019. Ban san haka ba a lokacin, na yi wata biyu ina jiran kiran da ba zai zo ba, kuma har yau in na tuna daren nan raina yana ɓaci.

Don haka ku riƙe wannan: Minglan ba shi da zango na biyu. The Sword and the Brocade ba shi da shi. Sinawa galibi a dunƙule suke gama labari su sake shi, ba kamar shirye-shiryenmu masu dogon zango ba. Duk wanda ya ce ku ƙara kuɗi don zango na biyu, ko dai ragowar abin da ya rage muku zai sayar muku, ko kuma wani shiri ne daban da jarumar ta fito a ciki ya sauya wa suna. Na ga an yi wa wata maƙwabciyata haka, aka ba ta wani shirin Zhao Liying na takuba da tashi sama aka ce ci gaban Minglan ne. Wanda ya zo a rabe da gaske shi ne Love Like the Galaxy, 27 da 29, jimla 56, kuma duka a 2022 suka fito, don haka babu dalilin da za a ba ku rabi a ce ku jira. Rabewar ma tana da nasaba da umarnin da hukumar kula da rediyo da talabijin ta Sin ta fitar a 2020 na a riƙa tsayawa a kashi 40, wanda ya sa sababbin shirye-shirye suka fi tsofaffi gajarta.

Akwai wani ruɗani na gaskiya da macuta ke fakewa a bayansa. Minglan iri biyu yake yawo: wanda aka nuna a talabijin kashi 78, da wanda aka tace kashi 73. Labari ɗaya ne, wurin yankan ne ya bambanta. Matsalar tana zuwa in mai shago ya haɗa muku rabin wannan da rabin wancan, sai ku ga an maimaita abin da kuka riga kuka gani, ko kuma an tsallake wani babban al'amari ba ku san yadda aka yi aka zo nan ba. Ku tambaya wanne ne, ku ƙirga da idonku. In ya ce 60 ne ko 65, ku karɓi memorinku.

Sai fassara, wadda ta fi komai ɓata mini rai. Wasu kwafin na'ura ce ta fassara rubutun ƙasan allo, "shi" ya zama "ita", sunan mutum ɗaya ya sauya sau uku a kashi ɗaya, a juya sunan Minglan zuwa sunan fure. A shirin faɗa za a iya haƙuri, a nan kuwa magana ce makami. Madam Qin ba ta taɓa zagi, da kalma mai laushi take yanka, in fassara ta mutu sai ku ga tsohuwa ce mai kirki kawai tana shan shayi. Masu son fassarar Hausa ta murya, na san daɗinta, musamman ga iyayenmu da ba sa bin rubutu, kuma akwai masu yin ta da ƙwarewa. Amma ku saurari kashi ɗaya kafin ku biya. In kun ji ana kiran ƙwarƙwara "amarya" ko "kishiya", an rushe ginshiƙin labarin, don mai kallo zai ɗauka uwargida zalunci kawai take yi wa abokiyar zamanta, ba zai gane cewa Sheng Hong ne ya karya doka da al'adar zamaninsa ba da ya damƙa wa sa-ɗaka mabuɗan gida. In kuma kun ji mai fassara yana cusa barkwancinsa a wurin da ake makoki, ko yana taƙaita maganar minti biyu a jimla ɗaya, ku bar shi.

Ku duba haske kuma. An ɗauki yawancin wuraren dare na Minglan da hasken kyandir, da kyau ƙwarai a kwafi mai nauyi. Masu matse fim don ya shiga ƙaramar memori sukan mayar da waɗannan wurare baƙi ƙirin, murya kawai za ku ji. Kada ku gwada kwafi da wurin da ake wasan ƙwallon doki da rana tsaka, ku nemi wurin dare a ɗakin kaka ku gani ko ana rarrabe fuskoki.

A intanet ma ba a tsira ba. Hanya mafi aminci ita ce manhajojin masu shirye-shiryen da kansu, WeTV ta Tencent, da iQIYI, da Youku, ko Viki, da shafukansu na ainihi a YouTube, inda sukan saki wasu shirye-shirye kyauta da talla. Ku fara bincika ko shirin da kuke so yana buɗewa a ƙasar da kuke kafin ku biya kuɗin wata, don ba kowane shiri ake bari a kowace ƙasa ba. Shafukan bogi a YouTube ana gane su: hoton a juye, ko an rage shi an sa shi cikin wani firam, murya ta yi sauri kamar an shaƙe mai magana, kashi na 12 ya biyo bayan na 9. Su kuma masu tallar "asusun VIP mai arha" a WhatsApp, asusu ɗaya suke sayar wa mutum da yawa, kwana kaɗan a sauya lambar sirri, lambar wayarsu ta daina shiga. Mafi muni su ne masu turo mahaɗi su ce a sauke wata manhaja ta musamman don kallo kyauta. Manhajar kallon fim da ke neman izinin karanta saƙonninku da lambobin mutanenku ba fim take so ta nuna muku ba, kuma a wayar da banki ke turo muku lambobin sirri kuke shirin saka ta.

In dai a shago za ku karɓa, kada ku bar wurin sai an buɗe muku uku a gabanku: na farko, ɗaya daga tsakiya, da na ƙarshe. Na tsakiyar ku saurara ko murya tana tafiya daidai da baki, don sau da yawa a nan take zamewa. Na ƙarshen kuwa ga alamar da ba ta ƙarya a Minglan, ba tare da na ɓata muku labari ba: wajen rufewa akwai gobara a ɗakin kakannin gidan Gu, da mace ɗaya tsaye a cikin wutar. In mai shago ya ja har ƙarshen abin da yake da shi ba ku ga wannan wuta ba, bai cika ba, ko da ya rantse.